Yadda ake ƙera jirgin ruwan shaƙatawa

Yawancin ƙananan, irin na kamfanin Beneteau a Faransa, da faiba ake yin su, wato zaren gilashi da aka haɗa da gam. Da farko a samu mazubi mai siffar gangar jirgin, a goge shi tas a shafa kaki don kar ya manne, sai a fesa fentin jel wanda shi ne zai zama fatar waje mai sheƙi. Daga nan a rinƙa shimfiɗa yadin zaren gilashi ana jiƙa shi da rezin, wani ruwan gam mai sandarewa ya yi tauri, ɗaya kan ɗaya, a tsakiya a sa soso mai tauri ko katakon balsa don ya yi ƙwari ba nauyi. Nan fa sai an kula sosai, in iska ta maƙale a ciki wallahi wajen rauni zai yi, shi ya sa wasu ke rufe komai da leda su zuƙe iskar da famfo rezin ɗin ya ratsa ko'ina da kansa.

In ya bushe a ciro, a saka inji da tankuna da wayoyi kafin a ɗora saman a manne. Manyan na attajirai kuwa, irin na Lürssen a Jamus, ƙarfe ake waldawa a ƙasa, sama alminiyom.