Daga mota zuwa gadon asibiti: inda ake ƙara wa mai rauni rauni

Ina aikin jinya a sashen gaggawa a Gusau. Akwai raunin da ake samowa a hanyar Funtuwa, wajen Tsafe, akwai kuma wanda ake ƙarawa a bakin ƙofarmu, shi ne ya fi ci mini rai.

Mota ta tsaya, Golf ce ko a-kori-kura. Kafin mu turo gado, 'yan'uwa sun cafki hannu da ƙafa sun ciccibo mutum, kansa na reto. Tausayi ne, na sani. Sai dai ƙasusuwa 7 ne a wuya, laka ta ratsa tsakiyarsu. In ɗaya ya tsage, lanƙwasa guda ta isa ta taɓa lakar, wanda ya iso yana motsa yatsu ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. In can sama ne, wajen ƙashi na 3 zuwa na 5, har numfashi kan ɗauke.

Don Allah a dakata. Direba ya kashe mota, ya ja birkin hannu. Mutum ɗaya ya ruga ya kira mu. Wani ya shiga ya tallafe kan da tafin hannu biyu ta gefen kunnuwa, ba ja, ba juyawa, kada ya saki sai ma'aikaci ya karɓa. Ɗaukar kuwa aikin mutum huɗu ne aƙalla. Mai riƙe da kai shi kaɗai ke ƙirgawa, sauran su yi shiru su bi muryarsa, kai da wuya da gadon baya su taso tare kamar an ɗauki azara.

Sai ruwa. "Sannu, kurɓi" kan zama shaƙewa, ga shi wataƙila tiyata za a shiga da shi. Ƙarfe ko gilashin da ya soke jiki a bar shi, shi ya toshe jinin. Hular kwano ma kada a fizge ta. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta.

In numfashi ya tsaya ko mota ta kama wuta, nan babu jira, a fito da shi maza, hannu dai na ƙarƙashin kansa.

Malam direba, kada ka ajiye ka juya. Tsaya ka faɗa mana ƙarfe nawa abin ya faru, ko ya suma a hanya, ko ya yi amai.