Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Infois da Rasit a Manhajar Lissafin Kasuwanci

Manhajojin lissafi irin su QuickBooks suna ba ka hanya biyu ta shigar da ciniki, infois (takardar neman biya) da rasit. A ido kusan ɗaya suke, amma kowanne da inda yake kai kuɗin a cikin littafi.

Mataki na farko, ka tambayi kanka: lokacin da kaya suka bar hannunka, kuɗi sun shigo gaba ɗaya? In an biya nan take, ko kuɗi hannu, ko da kati, ko ta banki, rasit za ka buɗe. Ka zaɓi kayan, ka nuna hanyar da aka biya da asusun da kuɗin suka shiga, shi ke nan.

In kuwa za a biya daga baya, infois ne. Da ka adana shi, manhajar za ta rubuta cinikin, sannan ta ɗora kuɗin a kan sunan mai sayen a jerin waɗanda kake bi bashi. Saboda haka dole ka sa cikakken sunansa da ranar biya, misali kwana 15 ko 30. Kada ka bar gurbin ranar nan babu komai, domin da ita manhajar ke gane bashin da ya wuce wa'adi.

Wanda ya ba da kafin alƙalami ya ce zai ciko sauran, shi ma infois za ka yi masa na jimillar kuɗin, ka shigar da abin da ya bayar a ƙarƙashinsa. Cikon zai tsaya a fili, kowa na gani.

Mataki na gaba shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ranar da mai infois ya kawo kuɗi, hannu kan yi saurin zuwa wajen rasit, tunda ai kuɗi ne suka shigo. Kada ka yi haka. Ka buɗe infois ɗin nasa, ka danna wurin karɓar biya, ka haɗa kuɗin da shi. In ka yanka sabon rasit, manhajar za ta ƙirga cinikin sau biyu, ribarka ta kumbura a takarda, harajinka na iya ƙaruwa, mutumin da ya riga ya biya kuma sunansa na nan cikin masu bashi. Ba ƙaramin abin kunya ba ne ka kira kwastoman kirki kana tuna masa bashin da ya sauke tun tuni.

Mai ciniki da jama'a da yawa ba sai ya yi wa kowa rasit a manhaja ba. Rasit ɗaya na cinikin yini ya wadatar, muddin an raba na kati daban, na hannu daban, don su yi daidai da bayanan banki.

A ƙarshen kowane wata, ka buɗe rahoton basussuka, wanda ke jera su bisa daɗewa: kwana 30, 60, 90. Duk sunan da ka san ya biya amma ka gan shi a ciki, ka duba ko an yanka masa rasit bisa kuskure. In haka ne, ka soke rasit ɗin, ka mayar da kuɗin kan infois.