Yadda Ake Ƙera Ogan Mai Bututu, Daga Narka Dalma Zuwa Ba Shi Murya

Ogan mai bututu kayan kiɗa ne da iska ke busawa. Kowane bututu sauti ɗaya tak yake bayarwa, don haka jeri guda na murya ɗaya yana buƙatar bututai 56 zuwa 61, daidai da yawan madannan da ke gaban makaɗi. Ogan mai jeri 20 kuwa ya haura bututu 1,000, kuma kowanne sai an bi shi da hannu. Maƙerinsa kafinta ne, maƙerin ƙarfe ne, baduku ne, ga kuma kunne. A Jamus koyon sana'ar yana ɗaukar shekara uku da rabi, ana raba lokaci tsakanin wurin aiki da makarantar sana'ar da ke Ludwigsburg, kuma a 2017 UNESCO ta sa ƙirar ogan da kiɗansa na Jamus cikin jerin al'adun gado na duniya.

Kafin a taɓa katako ko ƙarfe, sai an je ɗakin da kayan zai zauna. A auna girmansa, a tafa hannu a saurari tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu, a duba inda rana ke bugawa da inda na'urar ɗumama ɗaki take. Ɗaki mai labule da darduma yana shanye sauti, ɗakin dutse yana riƙe shi. Daga nan ne ake yanke faɗin bututai da ƙarfin iska. Wanda ya tsallake wannan zai gama aiki ya tarar kayansa na yi wa jama'a tsawa, ko kuma ba ya kaiwa sahun baya.

Tsawon bututu shi ke yanke sautinsa. Buɗaɗɗen bututu mai ƙafa 8, wato kusan mita 2.4, yana ba da sautin C na ƙasa, mai karkarwa kusan sau 65 a daƙiƙa. A rage rabin tsawon, karkarwar ta ninka. A toshe samansa, ya yi sauti irin na wanda ya ninka shi tsawo, shi ya sa inda rufi bai da tsayi ake amfani da toshaffun bututai. Faɗi kuma shi ke yanke launin murya: siriri yana ba da murya mai kaifi kamar ta goge, mai faɗi yana ba da murya mai laushi. Akwai ma'aunin da ake dangantawa da Johann Gottlob Töpfer, masanin Jamus na ƙarni na 19, wanda ya sa faɗin cikin bututun C mai ƙafa 8 a milimita 155.5, kuma faɗin yana raguwa da rabi a bututu na 17, alhali tsawo yana raguwa da rabi tun a na 13. Dalili shi ne idan faɗi ya bi tsawo sau da ƙafa, ƙananan bututai za su fito da murya siririya, manyan su danne su. Ba wanda ke bin wannan ma'auni ido rufe. Abin kwatance ne, kowa na ƙarawa ko ragewa gwargwadon ɗakinsa.

Ƙarfen bututu haɗin kuza da dalma ne. Kuza na narkewa a digiri 232 na Celsius, dalma a digiri 327. Idan kuza ta kai kashi 70 ko fiye, ƙarfen yana ƙyalli, shi ake sawa a fuska inda ido ke gani. Idan aka haɗa su kusan rabi da rabi, fuskar ƙarfen kan fito da ɗigo-ɗigo yayin da yake hucewa, kuma wannan alama ce da maƙeri ke gane haɗin da ido. Mai dalma da yawa ya fi araha da nauyi, ana son shi a jerin da ake neman murya mai taushi. Manyan bututan ƙasa sau da yawa da tutiya ko katako ake yin su.

Ana narkarwa a tukunyar ƙarfe, a kwashe dattin da ya taso, a bar shi ya ɗan huce har ya fara kauri. Sai a juye cikin wani akwatin katako marar gindi da ke kan dogon tebur wanda aka shimfiɗa wa ƙyalle mai ƙarfi, ko rairayi a tsohuwar hanya. Mutum biyu su ja akwatin daga wannan ƙarshe zuwa wancan da tafiya ɗaya ba tsayawa, ƙarfen na fita ta wata tsaga a baya yana shimfiɗuwa. In ya yi zafi da yawa zai kwarara ya yi siriri. In ya huce da yawa zai yage a hanya. Teburin da kayan aiki su kasance a bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa a narkakken ƙarfe fantsama yake yi. Dalma guba ce, don haka a buɗe tagogi, kada a ci abinci a wurin, a wanke hannu.

Bayan an kankare fallen zuwa kaurin da ake so, ana yanka sassa uku: jiki, gindi mai siffar mazurari, da ɗan faifai mai kauri da ke raba su. Ɓangaren fallen da ya fi kauri a ajiye shi wajen baki, wato tagar da ake yankawa a gefen bututu inda jiki ya haɗu da gindi, da kuma gindin, saboda nan ne nauyi ke sauka. Bututun da aka yi wa rowar ƙarfe a gindi yakan durƙushe bayan shekaru. A naɗe jikin a kan sanda mai santsi ana bugawa da katako har gefuna su haɗu. Kafin liƙi, a shafe gefunan da haɗin alli da ƙaro, sannan a kankare siririn layi inda ake son dalmar liƙi ta kama. Wannan shafe yana hana ta bazuwa kuma yana kare bututun, domin dalmar liƙi mai kuza kashi 63 tana narkewa a digiri 183, tazarar da ke tsakaninta da narkewar bututun kansa ba ta da yawa. Ƙarfen liƙi ya daɗe wuri ɗaya, sai rami. Daga nan a daddale wuri a jiki da gindi don leɓen sama da na ƙasa, a liƙa faifan a kan gindi a bar 'yar siririyar tsaga a gaba, a haɗa jiki, a wanke.

Akwatin iska aikin kafinta ne, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. A cikinsa akwai kwararo ɗaya ga kowane madanni, ƙarƙashin kowane kwararo akwai bawul na katako mai fatar tunkiya a fuska, sifirin na riƙe da shi a rufe. A sama kuma kowane jeri yana da siririn katako mai huda-huda da ke zamewa: in makaɗi ya ja marikin jerin, hudodin su daidaita da gindin bututai, iska ta samu hanya. Daga madanni zuwa bawul siraran sanduna ne na katako da sandunan juyi. Ogan in ya yi girma madannai kan yi tauri, shi ya sa maƙerin ogan na Faransa Aristide Cavaillé-Coll ya yi amfani da ƙananan zuga-zugi na taimako, ƙirar Baturen Ingila Charles Barker, a ogan ɗin Saint-Denis kusa da Paris a 1841. Katakon dole ya bushe shekaru. Ɗanye in ya tsage, iska ta tsallaka kwararon maƙwabci, ka danna sauti ɗaya ka ji biyu. Gam ɗin fata da ake dafawa ya fi, domin ana iya sassauta shi da ɗumi da laima ranar gyara. Wani abin da ake yawan mantawa: sabon katakon itacen oak da wasu nau'o'in farin gam suna fitar da tururi mai tsami da ke cin dalma daga ciki, har gindin bututu ya zama farin gari.

Iska a yau daga fanka mai lantarki take zuwa, ta shiga zuga-zugi mai nauyi a kai wanda ke daidaita ta. Ana auna ƙarfinta da lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa. Yawancin ogan masu sandunan katako suna aiki tsakanin milimita 60 zuwa 90 na ruwa. A tsayar da wannan adadi kafin a fara ba da murya. In an canza shi daga baya, duk aikin ya koma farko.

Sabon bututu ba ya magana, ko ya yi huci kawai. Mai ba da murya yana ɗora shi a kan ƙaramin akwatin gwaji, ya fara da yanke tsayin baki. Ga babban jeri, ana farawa da faɗin baki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen bututu, tsayinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin bakin. A yanka ƙasa da abin da ake zato, a saurara, a ƙara kaɗan. Abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa, kuma baki in ya yi tsayi murya ta dushe. Sai hudar gindi: a buɗa ta ƙara ƙarfi, a matse ta rage. Sai faifan ciki, wanda motsinsa bai kai kaurin takarda ba amma shi ke juya komai. In ya yi sama, iska na fita waje, bututun ya yi nawar magana. A danna shi ƙasa. In ya yi ƙasa, iska na faɗawa ciki, bututun ya yi tsalle zuwa sautin sama. A tura shi da siririn ƙarfe ta gindi. Wasu suna yi wa gefen faifan ƙananan tsage don kashe tarin da bututu ke yi a farkon magana. Kaɗan yana gyara, da yawa yana kashe rai, kuma shi ma ba ya gogewa. Bututai masu harshen tagulla, irin jerin kakaki, nasu aikin a lanƙwasar harshen yake: ta yi yawa ya yi jinkiri ko shiru, ta yi kaɗan ya yi kaurin ƙara. Ƙwayar ƙura ɗaya tsakanin harshe da mazauninsa ta isa ta rufe masa baki.

Aikin wurin ƙira share fage ne. Bayan an kafa kayan a ɗakinsa, sai a sake bin kowane bututu, ɗaya na riƙe madanni, ɗaya na ciki, ana fitowa tsakiyar ɗaki ana saurare, har jerin ya tashi daga ƙasa zuwa sama ba wanda ya zaƙe. Wannan kan ci makonni.

Saitin sauti ne ƙarshe. Ana fara daidaita tsakiyar jeri mai ƙafa 4, wato wanda bututunsa mafi tsawo ya kai kusan ƙafa 4, sauran su bi shi, ana sauraren rawar da sautuka biyu ke yi har ta tsaya. Ana gyara tsawo da zoben da ke zamewa a saman bututu, ko da mazurarin tagulla da ke buɗa ko matse bakin sama, ko da matoshi. Zafi ne babban abin lura: sautin A da aka saita a karkarwa 440 a daƙiƙa a digiri 20 zai sauka kusan 432 in ɗakin ya koma digiri 10, yayin da masu harshen tagulla kusan ba sa motsi. Don haka a saita a yanayin da za a riƙa kiɗa, kuma in lokaci ya juya, masu harshen ake gyarawa su bi sauran. Ƙaramin bututu, ɗumin hannu ma yana ɗaga sautinsa, sai a bar shi ya huce kafin a taɓa saitinsa. Idan kuma wani sauti ya ƙi yin shiru bayan an saki madanni, a fara buɗe akwatin iska a duba fuskar bawul. Yawanci ɗan datti ne ya maƙale a fatar, ko sifirin ya goce daga mazauninsa.