Yadda ake haɗa madara marar mai a gida, a kuma saba wa iyali da ita

Ranar da muka dawo daga asibiti da Baba, takarda biyu ce a hannuna, ɗaya ta magani, ɗaya ta abinci. Likita ta ce jininsa ya hau, kitsen da ke yawo cikin jininsa, wanda suke kira kolestarol, shi ma ya wuce ƙima. Cikin abubuwan da ta ja wa layi har da madara. Baba kuwa tun yana cinikin goro a kasuwar Kumasi bai san karin kumallo ba sai da shayi mai kauri, rabin gwangwanin madara a kofi guda. Muna cikin tasi, kafin mu iso unguwar Aboabo, ya juyo ya ce, "Uwata, wato shayin ma za a raba ni da shi?" Na ce, "A'a Baba, madarar kawai za mu canza."

Shekara biyu ke nan ni ce mai haɗa masa ita. Ga yadda nake yi, tun daga saye har zuwa kofi.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk Bafulatanar da ta kaɗa nono a gyandama ta kwashe man shanu, abin da ya rage mata nono ne da aka rage wa mai, kuma da shi kakanninmu suka sha fura. Kamfanoni da inji suke yi, irin wanda wani ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf de Laval, ya ƙera a 1878: yana juya madara da gudu har man ya ware gefe guda. Cikakkiyar madarar saniya tana da mai kamar kashi 3.5 cikin ɗari, wadda aka cire wa mai kuwa ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Kofi guda na cikakkiya, wato mililita 240, yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 150 da mai giram 8, fiye da rabinsa irin mai daskarewa ne wanda ke ɗaga kolestarol. Kofin marar mai kalori 80 zuwa 90 ne. Amma furotin mai gina jiki yana nan giram 8 a duka biyun, kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori shi ma kusan miligiram 300, alhali baligi yana buƙatar kamar 1,000 a yini. Wannan lissafin ne ya kwantar mini da hankali, don tsorona da farko shi ne kada in riƙa ba tsoho farin ruwa.

Da farko, a san wa za a ba

Kafin a sayi ko cokali guda, uwar gida ta dubi mutanen gidanta. Mai hawan jini, mai kolestarol, mai son rage ƙiba, su ne wannan madara ta fi dacewa da su. A 1997 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna DASH da aka yi a Amurka kan mutum 459. An ba wasu abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itatuwa da madara mai ƙarancin mai har mako takwas, sai aka ga lambar sama ta awon jinin masu hawan jini a cikinsu ta sauka da kamar 11. A lura, tare da ganye da 'ya'yan itatuwa ne, kuma Baba bai daina shan maganinsa ba ko kwana ɗaya.

Yara ƙanana kuwa ba tasu ba ce, kuma ina roƙon iyaye mata su riƙe wannan da kyau. Jariri nonon uwa zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu. Yaron da bai cika shekara biyu ba cikinsa ƙarami ne, ƙwaƙwalwarsa na girma, man da ke cikin madara abinci ne a gare shi. Hukumar lafiya ta Ingila ma cewa ta yi kada marar mai ta zama madarar yaro ta yau da kullum sai ya kai shekara biyar. Haka tsohon da ya rame, da wanda ke murmurewa daga jinya, da 'yan matan da ke yini da kaya a ka a kasuwar Kejetia: ƙarfi suke nema, a ba su cikakkiya. Mai ciwon suga ya sani sukarin da Allah ya halitta cikin madara, giram 12 a kofi, bai tafi tare da man ba. Wanda madara ke kumbura wa ciki, ita ma wannan za ta kumbura masa, sai dai ya gwada nono mai tsami. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna.

Saye: a karanta jikin leda

Nan ne na fara yin kuskure, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna yi. Na je wani kanti na ce ina son madarar da ba man shanu a ciki, yaron kanti ya miƙo mini wata leda ya ce ita ce. Wata guda Baba yana sha. Sai wata rana ƙanwata mai karatun jinya ta juya bayan ledar ta nuna mini rubutun: an cire man shanun, gaskiya ne, amma an mayar da man itatuwa a madadinsa.

Irin wannan garin ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, musamman tun 2015 da Tarayyar Turai ta daina ƙayyade wa manomanta yawan madarar da za su tatsa. A can ake kwashe man shanun a sayar da shi daban, a haɗa garin da tataccen man kwakwar manja, a turo mana da araha. Abinci ne halal, yana kuma taimakon mai ƙaramin ƙarfi, amma mansa ya yi kusa da na cikakkiyar madara, kuma kusan rabin man manja irin mai daskarewar nan ne. Wanda likita ya ce ya rage mai bai rage komai ba in ya koma kansa.

Don haka a duba kalmomin Turancin da ke jikin leda ko gwangwani. In an rubuta skimmed, ko fat free, ko non-fat, ita ake nema. Full cream cikakkiya ce. Filled, ko kuma vegetable fat cikin jerin kayan haɗi, ita ce mai man itatuwan. Sannan a sauka kan ɗan jadawalin lambobi: a garin madara marar mai, man da ke cikin giram 100 ba ya wuce giram 1.5, alhali na cikakkiya daga 26 yake farawa. A ta ruwa kuwa ƙasa da rabin giram ne a mililita 100. A duba ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA. In an rubuta cewa an ƙara bitamin A da D, wannan ta fi, zan faɗi dalili a gaba.

Manyan kantunan unguwar Adum, a nan Kumasi, sukan ajiye ta kwali da ta gari. In kuma awo za a saya wurin masu sayar da kayan burodi, a nemi ganin buhun da aka ɗebo ta. Ni nakan ɗan murza a yatsu: marar mai fara ce sol, tana da ɗan gautsi, ba ta barin maiƙo, mai mai kuwa tana ɗan ja zuwa ruwan ƙwai tana manne wa yatsa.

Damawa

Ma'aunin shi ne giram 100 na gari a mililita 900 na ruwa, a samu lita guda. A gida ba kowa ke da sikeli ba, don haka da ledar ruwa nake aunawa: ledar fiya-wata ɗaya rabin lita ce, tana cin babban cokali shida masu ɗan tozo. Kofi guda, cokali uku. In kamfanin ya rubuta nasa ma'aunin a bi shi, don wani garin ya fi wani nauyi.

A zuba garin a kwano, a ɗiga ruwa mai ɗumi kaɗan, a dama har ya zama kamar ƙullun ƙosai ba gudaji, sannan a ƙara sauran ruwan ana juyawa da maburgi. Tafasasshen ruwa kai tsaye yana sa shi dunƙulewa. In da hali a haɗa tun dare a sa a firij, da safe warin garin ya kwanta, ɗanɗanon ya fi kusa da na sabuwar tatsa.

In sabuwar madara aka samu

Wani lokaci wata Bafulatana takan kawo mana madarar safe a galan. Wannan da hannu nake rage mata mai. Da farko a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Sai a dafa, kuma wannan ba abin sassauci ba ne: ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu da ta zazzaɓin burusela, wanda ke wahalar da mutum wata da watanni ana zaton zazzaɓin sauro ne. A ɗora a wuta matsakaiciya ana juyawa har ta taso, a rage wutar ta yi minti biyu ko uku, a sauke. A tsoma tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi don ta huce da wuri.

Sai a juye a kwano mai faɗin baki marar zurfi, a rufe, a sa a firij awa 12 zuwa 24, kada a motsa shi. Man ya fi ruwan madara sauƙi, a hankali yake tasowa ya kwanta a sama, mai kauri, launinsa na ɗan ja zuwa rawaya. A sa ludayi a kwance, a bi gefen kwanon a yaye shi sannu-sannu, kamar mai kwashe yanar koko. In ta ƙasan ta fara bayyana, tsinkakkiya mai ɗan shuɗi-shuɗi, a dakata. A mayar firij wasu awanni a sake yayewa. Hannu ba zai kai inji ba, ɗan mai zai rage, amma mafi yawansa ya fita. Man da aka kwashe nakan tara shi kwana uku in kaɗa, in soya man shanu don tuwon yara.

Madarar kwali ba ta yin haka ko ta kwana nawa, don an farfasa ƙwayoyin manta a inji yadda ba za su taso ba. In kuma dumso ya zo, wuta ta ɗauke ta daɗe, kada a tsaya jiran mai: a sake tafasa ta a mayar da ita nono.

Nonon fura

Wannan ne ya fi karɓuwa a gidanmu. A haɗa lita guda, a ƙara cokali uku na gari a kan ma'auni don nonon ya yi jiki, tunda ba man da zai ba shi kauri. A ɗora a wuta har ta kusa tafasa, hannu na kan muciya, don marar mai tana saurin kamu a gindin tukunya. A bari ta huce har in an ɗiga a bayan hannu a ji ɗumi ba zafi ba. A zuba cokali biyu na nonon jiya mai kyau marar sukari, a juya sau ɗaya, a rufe, a naɗe da zane, a ajiye inda ba iska awa shida zuwa takwas. A zafin watan Maris ba ya ma kai haka. In an ga ruwa mai rawaya ya kwanta a sama kada a zubar, akwai furotin da kalsiyam a ciki, a juya shi ya koma.

Saba wa harshe

Ranar farko da na ba Baba zallarta, kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye kofin ya ce, "Wannan ai ba ta da nauyi a baki." Inna ce ta ba da shawara: mako biyu muna haɗa rabi da rabi da wadda ya saba, mako biyu kuma kashi uku marar mai kashi ɗaya cikakkiya, daga nan muka sauke gaba ɗaya. Na kuma riƙa jefa citta da kanumfari a shayin, in sa garin kai tsaye cikin kofi ya yi kauri. A koko da fura da burkina (haɗin gero da nono), gero yana rufe bambancin, kusan ba mai ganewa.

Abin da za a tsare shi ne gwangwanin sukari. In madara ta yi sauƙi a baki, hannu yakan so ya rama da zaƙi. Kalori 60 da 'yan kai ne aka rage a kofi, ƙwayar sukari guda kuwa giram 4 ce, kalori 16. Ƙwaya huɗu sun mayar da duk abin da aka cire. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kuwa, fiye da rabin nauyinta sukari ne, ba ta cikin wannan lissafi sam.

Saura batun bitamin. A da D cikin mai suke zaune, in ya fita sukan bi shi, shi ya sa na ce a nemi wadda aka ƙara wa su. In ba a samu ba, ko kuma a gida aka yaye, a cike gurbin daga tukunya: miyar kontomire (ganyen gwaza), karas, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya zo, ƙwai, kifi mai mai irin su sadin. Baba kuma yana samun hantsinsa a kan benci a ƙofar gida kullum bayan karin kumallo, don hasken rana yana sa jiki ya samar da bitamin D.

Garin da aka buɗe a juye shi a gwangwani mai murfi, a sa busasshen cokali, don damshin Kumasi yana dunƙule shi cikin 'yan kwanaki in an bar ledar a buɗe. Wadda aka dama, kwana biyu zuwa uku a firij. In ba firij, a haɗa ta kofi guda kawai, a shanye a lokacin.