Masu shirin aikin jinya a Ingila, ku kula da "fell" da "felt"

Ƙannena ma'aikatan jinya da ke haɗa kaya daga Gombe da Bauchi, cin jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET bai raba ku da wannan tarkon ba. Hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, tana neman maki 7 a IELTS, a rubutu kuma takan karɓi 6.5, amma mai bakwai ɗin ma yakan yi tuntuɓe a kan 'yan kalmomin da ke nuna abin da ya wuce.

Daga harshenmu abin ya samo asali. A Hausa kalmar aiki ba ta sauyawa saboda lokaci: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Turanci kuwa ita kanta kalmar yake murɗawa, har ta koma kama da wata da ba su haɗa komai ba. Ga shi bakinmu bai saba rufe kalma da baƙaƙe biyu ba, sai na ƙarshen ya zube a hanya.

Shi ya sa na fi jiye muku "fell" da "felt". Tsohuwa ta tashi daga gado jiri ya ɗebe ta, kika riƙe ta, ba ta kai ƙasa ba. "She felt dizzy" za ki ce. In kika haɗiye wannan "t" wajen miƙa aiki ga masu dare, sai su ji "she fell", wato ta faɗi. A gidan kula da tsofaffi faɗuwa ba ƙaramar magana ba ce: za a duba jikinta, a cika takarda, a sanar da danginta. Haka in kin kira 999 ko 111, lambobin neman agajin gaggawa da shawarar lafiya, mai ɗaukar wayar kunne kawai yake da shi, ba ya ganin hannunki yana kwatance. Ki ja numfashi ki furta "t" ɗin, ko da kin ji kamar kina iyayi.

Sai "lay", "laid" da "lied". "He lay on the bed", ya kwanta da kansa. "I laid the towel down", ni na shimfiɗa tawul. Turawan kansu suna cakuɗa waɗannan biyun, ba wanda zai tsare ku a kai. Amma "he lied" ƙarya ya yi, kuma rubuta haka a fayil ɗin majinyaci ba abin da za ku so shugabar sashe ta karanta ba ne.

"Left" da "lived" sukan rikice a banki ko gaban mai gidan haya: na farko ka bar wuri, na biyu ka zauna a can. "Found" samu ne, "founded" kafawa.

Batun aro ma yana cin mutanenmu, don mu da kalma ɗaya muke yi: na ari, na ara masa. In abokin aiki ya karɓi fam 20 a hannunka, "I lent him" ne. Ka ce "I borrowed" a gaban jama'a, sun ɗauka kai ake bi bashi.