Kurakuran masu bin naman kaza mai launin shunayya

Da an shiga watan Agusta ƙasa ta jiƙe, sai ka ga samarin Katsina da Daura suna ɗora hotuna a Facebook, wai sun tsinto naman kaza mai launin shunayya da ake kira Laccaria amethystina. Kurakuran bara ne ake maimaitawa bana.

Wannan naman kazan gidansa dazuzzukan ƙasashen sanyi ne, a Turai da Asiya, gindin bishiyoyin ok da bic. Faɗin laimarsa santimita 2 zuwa 6 ne, tsagogin ƙarƙashinta masu kauri, nesa da juna. In ya jiƙe shunayya ne sosai, da ya bushe sai ya koɗe. Don haka dogaro da launi ganganci ne. Akwai wani naman kaza ɗan jinsin Inocybe mai kusan wannan launi, dafinsa yana kawo gumi da dalalar miyau da gudawa kafin awa 2. Yanke laimar, kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, rufe da kofi ta kwana. Garin irin da Laccaria ke zubarwa a kan takardar fari ne, na Inocybe ruwan ƙasa. Farin garin ma ba izinin ci ba ne, Amanita, wani naman kaza mai kisa, ita ma fari take zubarwa. Shi kansa Laccaria yana tara gubar asinik daga ƙasa.

Sai masu cewa ai akuya ta ci ba ta mutu ba, ko an tafasa an zubar da ruwan farko. Haba jama'a! Wuta ba ta karya dafin Amanita. Mutum zai wuni garau, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da zawo su taso, alhali hanta ta soma lalacewa. Madara da manja ba magani ba ne. A wuce asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da aka ci.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗaukar duk abin da ya tsiro gindin bishiya a matsayin cuta. Laimar da kake gani 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin siraran zaruruwa ne a cikin ƙasa, kamar yanar gizo-gizo, sun naɗe bakin saiwoyi suna kai musu ruwa da fosfaras da naitirojin, ita kuma bishiyar tana biyansu da sukari. A ƙasarmu doka da kawo da turare ne ke irin wannan hulɗa. Gawo da kuka da bedi nasu abokan a cikin saiwa suke, ba sa fitar da laima. To ka share busasshen ganye ƙal, ka cinna wa daji wuta, ka sare uwar bishiya don gawayi, me ka bar wa zaruruwan nan? Mai renon dashen doka ko kawo, ni dai shawarata ya ɗebo tafin hannu guda na ƙasar gindin babbar bishiyar ya gauraya a kowace ledar reno. Naman kazan da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne mai tauri da ke fitowa a jikin kututture, alamar ruɓa ce a ciki.

Kada ka fizge naman kaza, haƙo shi da wuƙa har gindi, don jakar da ke tona asirin Amanita a ƙasa take ɓoye. Ka zuba a kwando, leda tana dafa shi. Kowane iri a naɗe shi a takardarsa daban, a rubuta bishiyar da aka same shi a gindinta.