Kurakuran da ke hana gajeriyar sanfulawa yin kyau a tukunya, da yadda ake gyara su

Gajeriyar sanfulawa, wato furen rana wanda tsayinsa ba ya wuce gwiwa ko ƙugu, ba ta da tsawon rai. Daga ranar shuka zuwa buɗewar furen farko, yawancinta kwana 55 zuwa 75 ne kawai. Shi ya sa ɓarnar makonni ukun farko ba ta gyaruwa. Bishiyar lemo za ta iya shan wahala shekara guda ta farfaɗo, amma sanfulawar da ta tsumbure tana ƙarama haka za ta tafi, ta fitar da ɗan fure kamar murfin kwalba, ta bushe.

Kuskure yana farawa tun wurin sayen iri. 'Ya'yan sanfulawa da ake sayarwa don ci yawanci soyayyu ne, ba za su taɓa tsira ba, waɗanda ke cikin abincin tsuntsaye kuma na doguwar ce, mai kai mita 2 ko fiye. A duba sunan iri a jikin fakiti. Elf da Pacino ba sa wuce santimita 40, Sunspot tana kai 60 da babban kai guda ɗaya, Teddy Bear kuma 60 zuwa 90 da fure mai cukus. Irin yana da mai, don haka zafi yana saurin kashe shi, musamman fakitin da ya daɗe a shago. Kafin a ɓata ƙasa da taki, a naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Idan bayan mako guda waɗanda suka fito da saiwa ba su kai 7 ba, a nemi wani irin ko a ƙara yawan abin da za a shuka.

Babbar matsalar dai ita ce tukunya. Mutum ya ji an ce gajeriya, sai ya ɗauko gwangwanin madara ko ƙaramar robar man shafawa. Karan sanfulawar ne gajere, amma tana da uwar saiwa mai nutsewa ƙasa kai tsaye, kuma da zarar ta taɓa gindin gwangwani ta nannaɗe, girma ya tsaya. Shuka ɗaya tana son mazubi mai zurfin santimita 25 zuwa 30, mai cin ƙasa lita 8 zuwa 10. Bokitin fenti mai lita 20 zai ɗauki biyu, ko uku in ƙananan iri ne kamar Elf. Jarkar da aka yanke kanta ko buhun da aka naɗe bakinsa duk suna yi. A ɗora ƙusa a wuta a huda gindin wuri 5 ko 6, sannan a ɗora mazubin kan duwatsu ko bulo don ruwa ya sami hanyar fita. Zuba tsakuwa a cikin gindi ba ya maye gurbin huda, sai ma rage wa saiwa wuri da yake yi.

Akwai kuma zafin mazubin kansa, wanda mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Baƙar roba a kan daɓen siminti a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, dafa saiwa take yi. In ka sa hannu a jikin robar da azahar ka kasa daurewa, to saiwar da ke manne da ita ta ciki ma ba za ta daure ba. Tukunyar ƙasa ta fi, domin tana tsatsafo tana sanyaya abin da ke ciki, kamar randa. Wanda roba kawai gare shi sai ya zaɓi fara, ko ya naɗe ta da buhun algarara.

Ƙasar da ake kankarowa a tsakar gida a cika tukunya da ita zalla takan dunƙule ta zama kamar tubali bayan an ba ta ruwa sau uku. Haɗin da ke aiki shi ne kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, da kashi 1 na yashi ko tsohon ɓuntun shinkafa. Takin da ya ruɓe yana da duhu, yana marmashewa a hannu, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone tsiro yake yi, a bar shi ya yi wata 2 zuwa 3 a jibge tukuna.

Sai dashe. Wanda ya saba da tumatir da attarugu zai so ya yi reno a gefe sannan ya cire ya dasa. Sanfulawa ba ta son haka ko kaɗan, domin uwar saiwar nan tana karyewa, kuma ba ta komawa yadda take. A shuka a inda za ta zauna. Rami ya zama zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 2 ke nan, a sa ƙwaya 2 ko 3 a warwatse, a rufe, a ba da ruwa a hankali. In rami ya yi zurfi iri ya ruɓe kafin ya iso sama, in ya yi sama-sama kaza ko ɓera su tone. Za ta fito cikin kwana 5 zuwa 10. Idan ta yi ganye 4, a bar mafi ƙarfi, a yanke sauran da almakashi daidai bakin ƙasa. Tumɓukewa yana girgiza saiwar wadda aka bari. Nan ne tausayi ke cutar da mutane, su bar biyar a tukunya ɗaya saboda duk sun yi kyau, ƙarshe babu wadda za ta yi kai na kirki.

Tana buƙatar rana ta sa'a 6 zuwa 8. Wadda aka ajiye a baranda ko ƙarƙashin darbejiya takan yi siririn kara, ta yi fari-fari, ta karkata wajen haske, iska kaɗan ta kwantar da ita. A kuma tuna cewa kan yana bin rana ne kafin ya buɗe, bayan ya buɗe gabas yake fuskanta ya tsaya. Wanda ya jera tukwanensa a jikin katangar gabas zai riƙa kallon ƙeyarsu ne.

Ban ruwa ya fi kashe ta ta hanyar yawa fiye da ƙaranci. Kada a bi agogo, a bi ƙasa: a tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a bari, in ta bushe a zuba har sai ya fito ta gindi. Da hunturu yana iya zama bayan kwana 2, da bazara safe da yamma. Ganyen da ya yi yaushi da tsakar rana ya miƙe da la'asar, zafi ne kawai. Wanda ya yi yaushi alhali ƙasa jagab take, ganyen ƙasa suna rawaya, to saiwa ce ke ruɓewa, ƙara ruwa kuma ƙarasa ta zai yi. A tsayar da ruwa, a duba ko ramukan gindi sun toshe. A zuba a gindi da safe, ba a kan ganye ba, kuma ruwan wanki ko na wanke-wanke ba na tukunya ba ne, gishirinsa taruwa yake yi a ƙasar tun da ba inda za shi. Saboda batun ruwan nan, shukar da za ta buɗe cikin marka ta fi haɗari, domin kan yana jiƙa ya ruɓe ta baya. Shuka daga ƙarshen Satumba zuwa Janairu ta fi sauƙi a wurinmu.

Takin zamani na yuriya yana ba da ganye kore shar da kara mai taushi, fure kuma ya makara. Rabin cokalin shayi na takin NPK 15-15-15 ya ishi tukunya mai lita 10, a binne shi a gefen mazubi nesa da kara bayan mako 2 da fitowa, a maimaita idan ƙullin fure ya bayyana.

Wasu suna tsinke kan shuka don ta yi rassa. Wannan yana yi wa mai rassa irin su Teddy Bear, amma mai kara ɗaya irin Sunspot kanta guda ne, in an tsinke an yi asarar babban furen. A mai rassa, yanke furen da ya gama yana sa na gefe su ƙara girma.

Ƙwari: a riƙa juya ganye ana duba bayansa sau biyu a mako. Tururuwa na hawa da sauka alama ce ta darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye. A fesa ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, da ɗan sabulu kaɗan, da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi. Tsutsar da ke cin kai a tsince ta da hannu. Tsiro kuma a kife masa kwando mai huda ko tsohon gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru, awaki kuwa sai shinge.

Mai son ajiye iri ya fara duba fakiti. In an rubuta F1, wato iri ne da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yan ba za su fito kamar uwar ba, wasu ma an samar da su ne ba garin fure, ba sa yin ƙwaya sai da wata a kusa. In akwai doguwar sanfulawa a unguwa, zuma na iya haɗa su, baɗi a ga dogaye. Kada a yanke kai sai bayansa ya koma rawaya yana shiga ruwan ƙasa. Kafin nan a ɗaure shi da yankin gidan sauro saboda tsuntsaye, ba da leda ba, don leda tana tara gumi. A shanya a inuwa mai iska mako 1 zuwa 2, a murje, a zuba a ambulan ko kwalba busasshiya, a rubuta sunan iri da watan da aka cire, a ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidan.